Maganin da Ya Yi Albarka

A wani ƙauye kudu da Dakoro, ta wajen hanyar Kornaka, an yi wani manomi da ake wa laƙabi da Mai Amalanke, don in aikin gona ya ƙare, da amalanke da sa guda yake kai wa mutane kaya kasuwa. Mutum ne mai lissafi. Ya san damman da ke rumbunsa, ya san tiya nawa gidan ke ci kullum, ba a kuma taɓa jin ya ci bashi ba. Abu guda ne ba ya sawa a ma'auni, wato ragon layya. Tun da ya yi aure shekara ba ta taɓa wuce shi bai yanka ba, kuma ragonsa ne yaran gari ke fara zuwa kallo.

Da kakar 2024 matarsa ta haifi ɗa na biyar. Aka yi suna lafiya. Inna, uwar maigidan, ta tsaya kan wankan jego yadda ta gada: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa har sai mai jego ta ce ta ƙoshi. Ba a kai ga arba'in ba sai matar ta fara haki. In ta kwanta numfashi ya tsaya mata a wuya, sai ta tashi ta jingina da bango ta kwana a zaune. Ga tari da dare, ga ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Aka ƙara. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, kaji uku suka tafi, kumburi kuwa ya hau har ciki.

Ran nan dai ya shimfiɗa ta a amalanke ya kai ta wajen majo, malamin asibiti. Majo ya danna babban yatsa a ƙwaurinta, ya ɗaga, rami ya zauna bai cike ba. Ya ce ruwa ne ya taru, kuma daga zuciya yake, a wuce Dakoro yanzu. Mai Amalanke ya ce ai ya ji a rediyo an ce magani kyauta ne ga mai jego da jariri. Majo ya ce rabin zancen ya ji. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da na fiɗar haihuwa, a 2024 kuma ta rage kuɗin ganin likita da gado da gwaji da rabi a asibitocinta. Amma zuciyar uwa ba ta cikin na kyauta. Ya ce, “Jaririn dai na gwamnati ne, uwarsa taka ce.”

A Dakoro aka yi mata allurar Lasilix, ta kwana tana fitsari, da asuba numfashi ya ɗan sauka. Daga nan aka tura su Maradi, tafiyar fiye da kilomita 100, don a ɗauki hoton zuciya. Likitan da ya duba ya nuna wa mijin allo, ya ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi, ba ta matsa jini da ƙarfi, shi ya sa ruwa ke komawa huhu da ƙafafu. Ya ce cuta ce da ke kama mata gab da haihuwa ko watannin bayanta, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun rubuta labarinta tun shekarun 1970, suka ɗora laifi kan kanwa da zafin wanka. Daga baya bincike a Yamai da Kano ya nuna mata da yawa masu cutar suna da ƙarancin wani sinadari, seleniyom, a jininsu, ga kuma rashin abinci mai kyau da hawan jini. Duk da haka, in ji shi, gishiri da kanwa suna riƙe ruwa a jiki, don haka ta yi sallama da su. Inna, wadda ke goye da jaririn, ta kau da kai.

Kwana goma sha biyu suka yi. Gado da gwaji sun zo da sauƙi kamar yadda majo ya faɗa, amma kuɗin mota, da abincin masu jinya a birni, da takardar da ake ba shi kullum ya kai farmasi, ba wanda ya rage musu. Jajayen awakin matar guda biyu suka tafi, dami goma sha biyar ya bi su. Ranar sallama Mai Amalanke ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, an gama. Likita ya ce ba a gama ba. Ya ce wannan ciwo ba baƙo ba ne da za a yanka wa kaza a raka shi bakin gari, zama ya zo yi, kuma kowane wata sai an fitar masa da kasonsa. Wasu matan zuciyarsu kan dawo daidai cikin watanni, wasu sai shekaru, wasu ba ta dawowa. Kada a tsai da ƙwaya ko da ta ji garau, kada kuma ta ɗauki wani ciki sai ya ce.

Kason nan jika 7 ne a wata. Wata na fari ya biya, na biyu ya biya, na uku ya biya. Matar ta murmure har tana daka. Inna ta fara cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin mai lafiya na shan magani ba. Bazara ta shigo, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sa ya rame, rago kuwa ga shi nan a turke yana jiran dusa da harawa, layya saura wata biyu. Wani dare maigidan na zaune ƙofar ɗaki yana lissafi a ƙasa da tsinke, bai san bakinsa na motsi ba, ya ce magani da dusa ba za su shiga aljihu guda ba. Ya share ƙasar da tafin hannu ya je ya kwanta.

Daga ranar sai wani abin mamaki ya faru. Maganin kwana talatin ya kai kwana arba'in bai ƙare ba. Ya tambaya, ta ce akwai saura. Kwana hamsin, ta ce akwai saura. Mutumin da ya san adadin damman rumbunsa bai nemi ya ga sauran ba. Ya ce magani ya yi albarka, har ya ba da labari a majalisa, ya ƙara wa rago dusa.

A kasuwar Dakoro suka yi kiciɓis da majo. Ya ce, “Maigida, an daina ganinka, ko wani wuri kake sayen maganin?” Mai Amalanke ya ba shi labarin albarka yana murmushi. Majo bai yi murmushi ba. Ya tambaye shi yaya matar take kwana, a kwance ko a zaune. Ya ce kwanan nan a zaune, amma ta ce zafin ɗaki ne. Majo ya ce to in ya koma gida ya yi amfani da babban yatsansa.

Ya danna, rami ya zauna. Bai ce komai ba. Ita ce ta kwance bakin zanenta, sai ga ƙwayoyin an fasa su rabi-rabi, wasu ma kashi huɗu. Ta ce, “Maigida, na ji lissafinka a daren nan. Awakina sun tafi, ban ce komai ba. Ban so yara su ga an fita da ragon ba.”

Kwana uku ya yi yana juya maganar. Sa ya fi kuɗi, in ya sayar zai biya magani ya kuma yi layya, amma sa ne ke kawo jikar da ake cefane da ita, ga damina na ƙofa. Gona kuwa akwai mai neman jingina, sai dai ya ga gonakin da suka shiga jingina a shekarar yunwa ta 2005 har yau ba su dawo ba. Inna ta ce a sayar da san, Allah zai kawo wani, amma gidan ubansa ba a taɓa wayewar garin layya babu jini a ƙofa ba. Shi ma abin da zuciyarsa ke so ke nan, sai dai yana neman wanda zai sa masa hannu.

Ya tafi wajen liman da magariba. Ya ce, “Allah gafarta Malam, mutumin da ya riga ya yi niyyar layya, ya turke rago wata shida, ai ba shi da halin fasawa ko?” Liman ya dube shi, don ya san gidan da ake tari. Ya ce a mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba ya bukatar kuɗin dabbar don lalurorinsa na shekara, kuma turkewa ba yankawa ba ce. Mai Amalanke ya sake kawo tambayar ta wata hanya, aka sake ba shi amsar. Da ya zo ta uku liman ya ce, “Ka zo ne in ɗaure maka ragon, ni kuwa ba ni da igiya.”

Ranar kasuwa tun kafin yara su farka ya kwance shi. Makiyaya sun sauko da dabbobi daga Tarka, fatake sun zo da motoci, kasuwa ta cika. Dillali, abokinsa na ƙuruciya, ya zagaya ragon sau biyu, ya ce ashe da rabon zai ga wannan rana. Aka taya jika 70, ya ce albarka. Aka kai 80, ya ce albarka, har dillali ya rada masa cewa in fasawa yake so ya faɗa, kada a ɓata wa mutane yini. A 85 ya sallama, ya juya baya kafin a ɗora shi a mota.

Bai kai kuɗin gida ba, don ya san kuɗi in sun kwana a ɗaki masu su kan yi yawa. Ya sayi maganin wata uku nan take, jika 21. Ya ware jika 20 na komawa Maradi. Sauran 44 ya damƙa wa dillali, ya ce ko shi da kansa ya zo nema, in ba da takardar likita a hannu ba, kada a ba shi. Ƙwayoyin kuwa ya zuba a aljihun rigarsa, kullum da safe shi ke ƙirga mata a tafin hannu, ya tsaya har ta haɗiye.

Ranar layya yara suka yi kuka, wani a majalisa ya tambaye shi ko albarkar maganin ce ta cinye ragon, aka yi dariya, shi ma ya yi. Nama ya shigo daga gidaje shida. Inna ta ƙirga kwanonin, ta ce na gidan liman ya fi ƙashi yawa.

A Maradi likita ya ce zuciyar ta ɗan ƙara ƙarfi amma ba ta kai ba, a ci gaba, a dawo bayan wata shida. Da tsakiyar damina, da hatsi ya yanke, Mai Amalanke ya je wajen dillali ba takarda. Aka hana shi, suka yi kwana goma ba sa gaisawa, sa ne ya fitar da gidan da dakon taki da ruwa. Kuɗin rago suka kai har bayan girbi, suka ƙare, ya koma lissafi da tsinke, sai dai yanzu yakan rufe bakinsa.

In kana son sanin ko zai yi layya bana, mai karatu, dillali za ka tambaya. An ce akwai wani ɗan rago da ya taya sau biyu a kasuwar Dakoro, kowane karo sai ya laluba aljihun rigarsa, ya ce a bari tukuna ya dawo daga Maradi.