Idan Baba ya ce ya ga mutum a ɗaki

 

Akwai wayar da ke shigo wa wasunmu daga gida wadda ta fi ta neman kuɗin magani nauyi. Ƙanenka zai kira daga Nguru ko Gashuwa, ya ce Baba ya rantse ya ga ƙato a ɗakin Hajiya jiya da magariba. Ko kuma ya ce an kwashe masa kuɗin banda a ƙarƙashin katifa, har ya ambaci sunan wanda ya ɗauka. Kai kuma kana nan Ikko a bakin rumfa, sai ka yanke hukunci kafin katinka ya ƙare. Tambayata a yau ita ce: wane nauyi ya kamata mu ba maganar dattijon da ciwo ke nuna masa abin da babu shi?

Ina magana ne a kan cutar makyarkyata, wadda likitoci ke kira Fakinson, sunan wani likitan Landan da ya yi bayaninta a 1817. Mun san alamunta ko da ba mu san sunanta ba: hannu yana rawa a kan gwiwa ana zaune, tafiya ta koma gajerun taku, jiki ya sandare, murya ta yi ƙasa. Wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne da ke samar da sinadarin dofamin suke mutuwa a hankali. Abin da ba a cika faɗa wa iyali ba shi ne, bayan shekaru, da yawa daga cikin masu cutar sukan fara gane-gane. Da farko mutum zai ji kamar wani na tsaye a bayansa, ko ya ga wani abu ya gifta ta gefen ido. Daga baya sai ya ga yara a tsakar gida, ko baƙi zaune a kan tabarma ba su cewa komai, galibi da yamma in haske ya ragu. Wasu kuma zargi ne ke kama su, kuma zargin da ya fi yawa shi ne na sata da na cin amanar aure.

To, wa zargin yake faɗa wa? Matar da ke juya shi da dare, take wanke masa riga. Ɗan da ya haƙura da fita neman kuɗi ya zauna jinya. Ciwon yakan kama sunan wanda yake kusa ne, mu na nesa sai mu fita da farin jini.

Addini bai bar mu a duhu ba. Hadisi ya tabbatar da cewa ba a rubuta laifi ga wanda hankalinsa ya gushe sai ya dawo hayyacinsa. Malaman Malikiyya ma, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun sa wanda ya yi sambatu saboda rashin lafiya cikin waɗanda sakinsu ba ya aukuwa. Ke nan Baba yana da uzuri a wajen Allah. Amma mai lafiyar da ya ɗauki maganar ya kai ta majalisa, ko ya tura ta zauren WhatsApp na dangi, da me zai kare kansa? Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu ga mai jifan mace kamila, in ya kasa bulala tamanin. Ni a ganina laifin da aka sauke wa marar lafiya yana nan daram a kan wanda ya yaɗa. Cewa "ai Baba ne ya faɗa da bakinsa" ba ta wanke kowa.

Sai dai akwai wani tarko a ɗaya gefen, kuma mu 'yan kasuwa mun fi faɗa masa. Da an ji Baba ya yi gane-gane sau biyu, sai a ce ya taɓu, a karɓe makullin shago, a daina shawara da shi a auren 'yarsa, wani ma ya fara lissafin gonar fadama. Alhali wannan mutumin da safe zai gaya maka farashin buhun riɗi na bara ba kuskure, kuma sau da yawa shi da kansa ya san abin da yake gani ba gaskiya ba ne, kunya ce ta hana shi faɗa. Malaman fiƙihu sun raba tsakanin wanda hankalinsa ya tafi gaba ɗaya da wanda yake tafiya yana dawowa, suka ce abin da ya yi a cikin hayyacinsa yana da hukunci. In ya furta saki, a kai wa malami ko alƙali da cikakken bayanin halin da yake ciki a lokacin. In ya ce an yi masa sata, a duba a natse, don marar lafiya ma ana cutarsa.

Wani zai ce aljanu ne. Ba na hana addu'a da karatu a kan marar lafiya, Allah shi ne mai waraka. Amma ɗaure tsoho, ko dukansa da sunan fitar da aljani, ko turnuƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, zalunci ne ko wa ya yi shi. Ayar Suratul Isra'i ta hana mu ko da tsaki ga iyaye in sun tsufa, balle mari a ƙafa.

Wani lokaci ma maganin ne da kansa. Sinemet da danginsa suna sassauta jiki, amma suna iya jawo gane-gane. Artane, wanda matasa suka sani da Exol, yana da arha, kuma yana rikita tsofaffi ƙwarai. Zazzaɓi, ciwon fitsari, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin bazara ko azumi, duk suna iya birkita mutum cikin kwana ɗaya. Mutanen Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya addabi gidaje, su gaya wa likita in ƙodar Baba ba lafiya, don wasu magungunan ƙoda ce ke fitar da su. Kada a tsayar da Sinemet farat ɗaya, kuma kada a sayo Largactil ko Haldol a kemis don ya yi barci, suna iya sandarar da mai wannan cuta har ya kasa tashi. A kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, in an tura ku asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri, kuɗin motar ya kamata ya fito daga aljihunmu.

Saura batun ƙarya. In Baba ya ce ka kori yaran nan daga bakin ƙofa, za ka yi kamar kana korarsu ne, ko za ka tsaya gardama? Na fi son hanyar da wasu masu jinya ke bi. Sukan ce, "Baba, ni ban gan su ba, amma na san kai kana ganinsu. Bari in kunna fitila, in zauna kusa da kai." In ka kira gida yau bayan an sauko daga masallaci, ka nemi a ba Hajiya wayar, ka tambaye ta awa nawa ta yi barci a makon nan.