Kuɗi Mai Hoton Gunki: A Ajiye Ko A Yar?

Ya mai karatu, wataƙila a cikin kayan da kakarka ta bari akwai tsohuwar dala ta azurfa, irin wadda Faransawa suka shigo da ita ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji bayan zamanin wuri. In akwai, ɗauko ta ka duba. Wata tana da kan sarki. Wata kuwa tana da wani ƙato mai gemu, ya yafa fatar zaki, yana tsaye tsakanin mata biyu. An buga irin wannan a Faransa daga 1870 zuwa 1878. Ƙaton nan ba sarki ba ne, ba kuwa soja ba. Sunansa Harkul. Helenawa da Romawa sun ce ɗan babban allahnsu ne, har suka gina masa ɗakunan sujada.

To, ga tambaya. Ya kamata mai bi ya ajiye irin wannan abu a ɗakinsa?

Al'adar nan ta tsufa ƙwarai. Wajen shekara 211 kafin haihuwar Almasihu, Romawa suka fara buga kuɗin azurfa da a ke kira dinari. Nauyinsa wajen giram 4 ne, faɗinsa bai fi farcen babban yatsa da yawa ba. Suna buga kuɗinsu kusa da ɗakin wata allahiya mai suna Juno Moneta, daga sunanta ne Faransawa suka sami kalmarsu ta kuɗi. Kai da kanka, duk sa'ad da ka ce zinariya, jikar kalmar dinari ka ke faɗi, ta biyo ta bakin Larabawa. A kan kuɗin nan suka zana allolinsu da tatsuniyoyinsu: Janus mai fuska biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, Jupita riƙe da tsawa, Marsa na yaƙi, da kyarkeci mace tana ba tagwaye nono, waɗanda su ke cewa ɗayansu ne ya kafa birnin Roma.

Yau akwai mutane a Turai da Amurka masu tara waɗannan kuɗi. Suna saye, suna jerawa cikin akwati, kowane gunki da gurbinsa. Ba sujada su ke yi musu ba. Suna karanta labarin mutanen dā ne daga jikin ƙarfe, kamar yadda maharbi ya kan karanta sawu a kan rairayi.

Ubangijinmu Yesu ya zauna a duniyar da irin wannan kuɗi ya cika ta. Buɗe Matiyu sura 22. Masu neman kama shi da magana suka tambaye shi zancen haraji, sai ya ce a nuna masa kuɗin. Aka kawo dinari. Masana da yawa suna ganin na Kaisar Tibariyas ne, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37. Rubutun da ke jikinsa yana kiran sarkin ɗan Augustas wanda aka mai da shi allah. Ga Bayahude wannan saɓo ne tsantsa. Amma ka lura da abin da Yesu bai yi ba. Bai ce a jefa kuɗin a rijiya ba, bai ce wanda ya taɓa shi ya ƙazantu ba. Ya yarda a mayar wa sarki ƙarfensa, ya kuma tuna musu da bashin da Allah ya ke binsu.

Ga abin da ya fi ban mamaki. Kuɗin da a ke biyan harajin Haikali da shi a Urushalima shekel ne na birnin Taya, gama azurfarsa ta fi kyau. A jikinsa kuwa akwai kan Malkart, gunkin Taya, wanda Helenawa suka ce shi ne Harkul. Watau ƙaton nan da ke kan dalar kakarka ya taɓa shiga baitulmalin Haikali. Firistoci azurfar suka auna, ba su ji tsoron fuskar ba.

Saboda haka kada ka firgita. Ƙarfe ba ya ji, ba ya gani. Maƙeri ne ya narka shi, maƙeri kuma ya kan sāke narka shi ya yi munduwa. Romawan da suka yi wa Jupita yanka sun shuɗe, Jupita bai ceci birninsu ba, ga shi yau yana kwance a akwatin wani ɗan kasuwa da farashi rubuce a gefensa. In kana neman abin koya wa 'ya'yanka ƙarshen gumaka, da wuya ka sami wanda ya fi wannan.

Amma akwai wurin da ajiya ta kan zama wani abu dabam. Mu a ƙasar Gobir da Katsina mun san tsafi, mun san bori, mun san laya. Yawancin iyayenmu daga can suka fito. In ka huda tsohon kuɗi ka rataya wa yaro a wuya don kada maye ya kama shi, ko ka binne shi a ƙarƙashin rumbu don gero ya yi albarka, to, ka mai da shi abin dogara. A nan ko da hoton gunki ko babu, duk ɗaya ne. Anini mai huji da ba shi da fuskar kowa ya isa ya zama gunki, in zuciya ta jingina gare shi. Kuma yaron da zazzaɓin sauro ya kama da damina, aka tsaya jiran ƙarfen wuyansa ya yi aiki maimakon a kai shi likita, shi ne zai biya bashin.

Sai kuma zancen ɗan'uwa. Manzo Bulus ya yi magana a kan naman da aka yanka wa gumaka, a 1 Korantiyawa sura 8. Ya yarda gunki ba kome ba ne, duk da haka ya ja kunnen masu sani su kula da raunanan 'yan'uwa. In a ikkilisiyarku akwai wadda ba ta daɗe da barin bori ba, ta ƙone kayanta a gaban jama'a, kada ka fito da kuɗinka kana juyawa a gabanta kana dariyar tsoronta. Kai tarihi ka ke gani, ita kuwa tana ganin abin da ta gudo daga gare shi. Bar shi cikin akwati har ta yi ƙarfi.

In kuwa wani ya zo ƙauye yana neman sayen tsoffin kuɗi, kada ka yi gaggawar rabuwa da naka don wai kana so ka fid da ƙazanta daga gida. Dalar nan giram 25 ce, kashi 9 cikin 10 kuwa azurfa ce. Ka kai ta wurin maƙerin farfaru a Maradi ya auna maka tukuna, sa'an nan ku zauna da iyalinka ku yanke shawara.