Nasihar Juma'a: Kafin Ka Sa Kwaɗo, Ka Bar Wa Mage Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan Juma'a a cikin watan azumi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Iyayenmu, yayyenmu da sauran 'yan uwa na wannan masallaci, takardarmu ta yau za ta yi magana ne a kan abin da wani zai ce bai kai a ɓata takarda dominsa ba, wato mage da ƙofa. Sai da na nemi izinin Malam Liman kafin na rubuta, kuma ya duba mini hadisan da zan kawo ma'anarsu. In an ga daidai daga Allah ne, in an ga kuskure nawa ne, a yi mini gyara.

Dalilin maganar shi ne sallah ta matso. Yawancinmu a nan Zungur baƙi ne. Wani daga Kano, wani Katsina, wani Daura, wani ma daga Damagaram ko Maraɗi. Neman halal ne ya kawo mu Bauchi. Da zarar an shiga goman ƙarshe sai a fara ɗaure kaya, a rufe shago, a rufe ɗakin haya, a sa kwaɗo a nufi tasha. Wani mako ɗaya zai yi, wani sai ya yi biyu.

Bara ni ma haka na yi, kuma abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu. Ina da ɗakin ajiya inda nake zuba buhunan masara da gyaɗa. Akwai wata mage da take kwana a ciki. Ba ni na kawo ta ba, ita ta kawo kanta, ni kuma na ƙyale ta saboda tun zuwanta ɓera ya daina huda mini buhu. Ranar tafiya na zo da asuba cikin gaggawa, mota tana jira, na ja ƙyauren ƙarfe na danna kwaɗo. Ban leƙa bayan buhuna ba. Kwana 9 na yi a gida. Da na dawo, maƙwabcina ya tare ni ya ce, "Malam Sakatare, kwana uku ina jin kukan mage a ɗakin nan naka. Na kira wayarka ba ta shiga, ni kuma na ji nauyin fasa kwaɗon wani." Da na buɗe sai na tarar da ita kwance a bakin ƙofa, ta riga ta mutu, duk ta kankare fentin ƙyauren da farce. Kun san zafin Bauchi a watan Afrilu, ga rufin kwano, ga babu ko ɗigon ruwa a ɗakin.

Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hadisin nan da muke ji tun muna makarantar allo, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa an yi wa wata mata azaba saboda mage da ta tsare har ta mutu. Hadisin ya nuna laifinta biyu ne: ba ta ciyar da ita ba, kuma ba ta sake ta ta je ta nemi abincinta da kanta ba.

Na je wurin Malam Liman na faɗa masa komai. Ya ce da ni, "Wannan matar da gangan ta tsare, kai kuwa mantuwa ka yi, kuma Allah Ya ɗauke wa al'ummar nan laifin kuskure da mantuwa. Ka yi istigfari, ka yi sadaka. Amma yanzu ka riga ka sani. In ka bar ƙofar nan yadda take har abin ya sake faruwa, ba za a ƙara kiransa mantuwa ba, ya zama sakaci." Wannan magana ita ta sa na kira mai walda.

Kafin in zo kan aikin walda, ya kamata mu tuna matsayin mage a addini, domin akwai masu ƙyamarta. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sahabi Abu Ƙatada, Allah Ya yarda da shi, ya shiga wurin Kabsha 'yar Ka'abu, matar ɗansa, ta zuba masa ruwan alwala. Sai mage ta zo za ta sha, shi kuma ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga Kabsha tana mamaki, sai ya sanar da ita cewa Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya bayyana cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu a cikin gida. Imamu Malik ya ce babu laifi a yi alwala da ragowar ruwanta, sai dai in an ga najasa a bakinta. Ku lura da siffar da aka ba ta: mai kai-komo. Haka Allah Ya halicce ta, ta shiga ta fita. Wanda ya toshe mata hanya ya hana ta abin da aka halicce ta a kai.

Kuma kowa ya san Abu Huraira, sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi. Wannan alkunya ya same ta ne saboda 'yar mage da yake yawo da ita. Masu tarihi ma sun ambaci cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu domin ciyar da magunan birnin Alƙahira. To ina aka samo cewa baƙar mage mayya ce, har yara su riƙa jifanta muna kallo? Wannan camfi ne, ba shi da tushe. Haka ma zancen cewa gashin mage ne ke kawo tarin fuka. Tarin fuka daga tarin mai ɗauke da cutar ake kamuwa da shi.

To amma wani zai ce, "Sakatare, so kake mu bar ƙofa a buɗe saboda mage?" A'a. Rufe ƙofa ma umarni ne. A cikin hadisin Jabir, wanda shi ma yake cikin Bukhari da Muslim, an umarce mu in dare ya yi mu rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah, mu rufe ƙoren abinci da na ruwa, mu kashe fitila domin ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Ke nan umarni biyu ne a kanmu: a rufe ƙofa, kada kuma a tsare mage. Ta yaya za a haɗa su?

Kakanninmu ba su sha wahalar wannan tambaya ba. Gidan ƙasa na da yana da rariya a gindin katanga inda ruwa ke fita, ƙyauren katako kuma ba ya kaiwa ƙasa sosai, ga katanga da mage ke haurawa cikin sauƙi. Yanzu kuwa bulo da siminti ne, ƙyauren ƙarfe mai liƙewa da daɓe, taga da raga, rariya kuma ta koma bututun da ko hannu ba ya shiga. Ginin ya canza, halittar mage ba ta canza ba. Saboda haka mu ne za mu mayar mata da hanyar da muka toshe.

Abin da na yi a ɗakina, wanda nake ba 'yan uwa shawara a kai, shi ne 'yar kafa a ƙasan ƙyaure mai murfi. A ƙasashen Turawa ana sayar da irinta a kanti, amma namu masu walda da kafintoci suna iya yin ta ba tare da wata wahala ba. Ga yadda aka yi tawa.

Na farko, girma. Faɗi inci 6, tsawo inci 6 zuwa 7 ya ishi mage, har da muzuru. Kada a wuce haka, domin in ta yi girma yaro ƙarami ko kare zai iya cusa kai. A ɗaga ta daga ƙasa kamar inci 4 zuwa 5, daidai tsayin cikin mage, don kada ruwan damina ya riƙa shiga.

Na biyu, wuri. A yanka ta nesa da sakata da makulli, a ɓangaren da ƙyauren yake maƙale da bango, yadda ko mutum ya zura hannu ba zai kai ga sakata ba. Wannan shi ne abin da ya fi damun ɗan kasuwa, kuma da gaskiyarsa.

Na uku, baki. Ƙarfen da aka yanka yana da kaifi. Ka tsaya a kan mai walda ya goge bakin sosai, ko a tsaga tsohon tiyo a naɗe shi da shi. Kada garin gyara a yanke wa dabba ciki.

Na huɗu, murfi. A yanko roba mai kauri ko falanki marar nauyi, a rataye shi daga sama yadda zai yi lilo ciki da waje, ya koma ya rufe da kansa. Wannan zai rage shigowar ƙura, sauro da kaji. A sa masa 'yar sakata ta ciki domin lokacin da kake gida kana so ka rufe, musamman da damina da macizai ke yawo. Amma fa ranar tafiya a bar sakatar nan a buɗe, in ba haka ba an yi aikin banza.

Na biyar, sabo. Mage ba za ta gane murfin nan take ba. Ka ɗaure shi sama da zare na 'yan kwanaki, ka riƙa ajiye mata abinci a ɗaya gefen. In ta saba wucewa sai ka sake shi. Shi ya sa nake wannan magana yanzu tun da sauran kwanaki, ba daren sallah ba.

Ga 'yan uwa masu zaman haya, wanda shi ne yawancinmu: ƙyauren ba naka ba ne. Kada ka sa a yanka sai ka nemi izinin mai gida, kada garin sauke haƙƙin mage ka ɗauki haƙƙin mutum. Haka masu shago a Wunti ko Muda Lawal, a tuntuɓi mai shagon da shugabannin kasuwa tukuna. In an hana, to ga mafita mai sauƙi: kafin ka sa kwaɗo ka shiga ka duba bayan buhuna da ƙarƙashin gado, ka tabbata ta fita, ka ajiye mata kaskon ruwa a waje cikin inuwa, ka bar wa amintaccen maƙwabci makulli ɗaya. In tana da 'ya'ya, kada a raba su, uwa a waje 'ya'ya a ciki. Iyayenmu mata, ku kuka fi sanin inda take haihuwa, a taimaka a tuna wa masu gida.

Akwai kuma amfanin da ya shafi lafiyarmu. Wannan lokaci na rani shi ne lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa, kuma Jihar Bauchi tana cikin jihohin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ke yawan ambata tare da Ondo da Edo. An fara gano cutar ne a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, kuma wani irin ɓera ne ke yaɗa ta ta hanyar fitsari da kashinsa a kan abinci. Magen da ke da hanyar shiga da fita tana rage ɓera a ɗakin ajiya ko ba ka nan. Sai dai kada mu jingina komai a kanta. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a ƙasa a bakin titi, kuma in mage ta kashe ɓera kada a ɗauka da hannu tsirara, a sa leda ko shebur a binne, a wanke hannu da sabulu. Wanda zazzaɓi ya ƙi sauka bayan ya sha maganin cizon sauro, a gaggauta kai shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan cikin gari yana kula da masu wannan cuta.

'Yan uwa, mu da muke zaman baƙunci ya kamata mu fi kowa gane wannan magana. Mun zo garin mutane, aka ba mu wurin kwana, aka bar mu muna fita nema muna dawowa. Magen nan ita ma haka ta zo ƙofarka, tana yi maka gadin dukiya ba ka biyan ta ko sisi. Kuɗin yanka kafar nan bai kai kuɗin motarka zuwa gida ba. Muna azumi muna jin yadda ƙishirwar yini ɗaya take, alhali mun san da magariba za mu sha. Wadda aka kulle a ɗaki ba ta san ranar da za a buɗe ba. Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya ba da labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya kuma sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai.

Sanarwa: duk wanda zai yi tafiyar sallah kuma ba shi da wanda zai bar wa makulli, ya same ni bayan sallar Juma'a ko bayan tarawihi. Kwamitin masallaci zai rubuta sunayen waɗanda ba za su yi tafiya ba, domin su riƙa zagayawa suna duba ɗakuna da zuba ruwa. Mai son ganin yadda aka yi kafar kuma, ƙofata tana nan, ya zo ya auna.

Allah Ya gafarta mana abin da muka sani da wanda muka manta. Allah Ya karɓi azuminmu, Ya kai matafiya gida lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya tsare dukiyar da suka bari, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci