WA KE WANKE HANNU A ƘARSHE?

'Yan uwana mata, da ma mazan da kan ari littafin matansu su karanta a ɓoye. Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata tambaya ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in fito da ita ko na samu sauƙi a zuciyata. Tambayar kuwa ita ce, idan kunya da gaskiya suka yi karo, wacce ya kamata ta kauce wa 'yar uwarta? Kada ki yi saurin cewa ai amsar a fili take. Ni ma da haka nake cewa, sai da abin ya zo kaina.

Ni haifaffiyar Gyaɗi-Gyaɗi ce, a nan na yi wayo, aure kuma bai kai ni nesa ba, a Tarauni ya ajiye ni. Shi kuwa maigida asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Dawakin Kudu, don haka duk Sallah da duk wata hidima can muke tattarawa mu tafi. Gida ne babba na gandu, mai albarka da karamci, ba a taɓa yi mini abin da ya sosa raina ba. Amma tun zuwana na farko na ga wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro.

In an sauke tuwon dare, sai a ɗebo ruwa a kwano guda na wanke hannu. A fara kai wa Inna, wato surukata, ta tsoma hannu ta wanke. Daga nan a zagaya da shi wurin matan gida, babba kafin ƙarama, sai 'yan mata, sannan a dire wa yara a tsakar gida. Kafin ya iso kan ɗan autan yaran, wallahi ruwan nan ya koma kamar ruwan kwata. Wadda ta gama yi wa goyonta tsarki ta tsoma, wadda ta kwashe kashin awaki ta tsoma, wanda ya wuni yana wasa a juji ya tsoma. Yaron da ya fi kowa rauni a gidan, shi ke wanke hannu da daudar kowa, sannan ya kai loma baki.

Ba mugunta ba ce ta kawo haka, kada a fahimce ni a baibai. Ladabi ne, babba shi ake fara yi wa komai. Kuma ruwa a garin da guga ake jawo shi, a ɗauko a ka, mai ɗaukowa ita ta san nauyinsa. To ni amarya, 'yar birni, da wane bakin zan ce wa uwar mijina ruwan da ta wanke hannu a ciki bai dace jikokinta su taɓa ba? Ai daidai yake da in ce mata ƙazama. Sai na ja bakina na yi shiru. Abin da na iya yi kawai, in ja 'ya'yana bayan ɗaki in wanke musu hannu da butata a ɓoye. Shekara huɗu ina haka, ina ganin ni mai hankali ce, na tsare mutuncina na kuma tsare 'ya'yana.

Wata damina aka aiko mana cewa yaron facalata, ɗan shekara biyu da 'yan watanni, ba shi da lafiya, amai da gudawa. An ce haƙori ne, an jiƙa masa wannan an jiƙa masa wancan. Kwana uku ya yi, kafin a samo motar da za ta kawo shi birni Allah Ya karɓi abinsa. Da muka je gaisuwa, da dare ya yi sai ga kwanon nan yana zagayawa kamar kullum. Na dubi facalata idanunta sun kumbura, na dubi kwanon, sai na ji cikina ya juya.

Ban ce kwanon ne ya kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, kuma ba wanda ya isa ya ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma abin da ya hana ni barci shi ne, na san wani abu da zai iya amfanar yaron nan, na yi wa nawa, na ɓoye wa na wata. Wannan kunya ce ko son kai ne ya yafa mayafin kunya? Da na bincike zuciyata sosai, sai na tarar ba mutuncin Inna nake tsarewa ba. Kaina nake tsarewa, kada a ce matar wane ta cika iyayi, 'yar boko ta zo koya wa mutane zaman duniya.

Kuma abin takaicin, mu mutanen Kano ba mu da uzurin cewa ba mu sani ba. Ina ƙarama aka yi annobar 1996, shekarar da sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka haɗu wa garin nan lokaci guda. Mahaifiyata har gobe in ta tuna yadda ake ta jigilar mutane zuwa Asibitin Zana sai ta girgiza kai. Daga Disambar 1995 zuwa Mayun 1996 an lissafa mutum 5,600 da kwalara ta kama a jihar Kano, 340 suka riga mu gidan gaskiya. A cikin wannan hali wasu likitoci suka yi bincike a asibitin, suka tambayi masu kwalara 102 da masu sanƙarau 77 yadda suke ci da sha a gidajensu, don su gano me ya bambanta su. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna abu biyu ƙarara. Shan ruwan da ake tallansa a titi ya ninka haɗarin kamuwa kamar sau uku, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci kuwa ya rage shi ƙwarai. Ba a Ingila aka gano wannan ba, a nan garinmu ne, a jikin iyayenmu da maƙwabtanmu.

Dalilin kuma ba boyayye ba ne. Ƙwayar cutar tana fita ne a bayan gidan mai ciwo, ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta. Hanyarta ta komawa cikin wani mutum ita ce baki, ko ta ruwa, ko ta abinci, ko ta ƙuda, ko ta yatsu. Ruwa zalla yana ɗauke ƙasar da ido ke gani, amma maiƙon hannu da abin da ya maƙale a cikinsa sai da sabulu. Idan kuma aka tsoma hannu a kwano, daudar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan tana jiran na gaba. Sai an zuba ruwan daga sama ya gangara ƙasa sannan za a ce ta tafi.

Wata za ta ce, to ai komai ƙaddara ce. Haka ne, amma wa ya taɓa barin ƙofarsa a buɗe da dare don ya yi imani da ƙaddara? Mu da muke tsarki da alwala sau biyar a rana, da buta muke yi, ruwa na zuba yana wucewa. A Islamiyya an karantar da mu cewa wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannunsa a mazubin ruwa sai ya wanke shi tukuna, an kuma hana mu biyan buƙata a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Ashe abin da nake tsoron a ce na kwaso daga boko, tuni yana cikin abin da Inna ta fi ni sani. Mun riƙe shi wajen sallah, mun sake shi wajen tuwo.

Da Babbar Sallah ta zagayo na ƙudurta ba zan sake yin shiru ba, amma kuma ban ga yadda zan buɗe baki in yi wa surukata wa'azi ba. Dare biyu ina saƙawa ina kwancewa. Sai na shiga kasuwar Tarauni na sayi sabuwar buta babba, da roba mai faɗi, da sandar sabulu na yanka gida shida. Ranar da muka isa, da aka sauke tuwo, kafin a ɗauko kwano na riga kowa. Na je gaban Inna na durƙusa, na ajiye robar, na miƙa mata sabulu na ce, "Inna, kawo hannu in zuba miki, yau ni zan samu ladan."

Ta dube ni, ta dubi butar, ta daɗe ba ta ce komai ba, gabana sai faɗuwa yake. Can ta miƙo hannu. Ina zubawa tana murzawa, sai ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ke 'yar nan, kin dai samo hanyar ce mini ƙazama cikin ladabi." Na ce, "Wane ni, Inna." Ta ce, "Zuba dai. In kin gama ki bi sauran, ki fara da yaran nan, su ne ba su da ƙarfin jinya."

Wallahi sai da na yi ƙwalla. Shekara huɗu ina jin tsoron matar da ashe magana ɗaya ta ishe ta. Na raina hankalinta na kira abin girmamawa. A ranar na gane cewa kunya da gaskiya ba su taɓa yin karo ba, ni ce ban nemi hanyar da za su wuce tare ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Babba yana nan a babbansa, har ma an ƙara masa girma tunda yanzu zuba masa ake yi, ƙarami kuma ya samu ruwa mai kyau. Da muka auna, ruwan buta ɗaya ya ishi mutum goma in ana tsiyayawa a hankali, bai fi na kwanon ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce gidan ya gyaru gaba ɗaya ba. Har yanzu moɗa ɗaya ce a kan randa, yaro ya sha ya jefar a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa. Har yanzu akwai mai ganin kashin jariri ba ƙazanta ba ne, alhali cutar da ke cikinsa ba ta san shekaru ba. Amma butar tana nan, in ta fashe suna sayen wata, ranar da babu sabulu da toka suke murzawa. Facalata kuwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a yi ta ba yaro kafin a isa asibiti. Yanzu ita ke koya wa matan maƙwabta.

Kada kuma mu 'yan birni mu ɗaga hanci, laifi tudu ne. Ki zaga lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da damina ki ga yadda kwata ke tumbatsa ta bi ta gefen rijiya. Ki shiga gidan haya mai ɗaki goma da ban-ɗaki ɗaya, kowace mata na jiran wata ta wanke. Ga matatar ruwa ta Tamburawa a kan hanyar Zariya, kusa da mu, amma gidaje nawa ne suka dogara da kurar 'yan garuwa? Ba na zargin ɗan garuwa, neman halalinsa yake, kuma ba don shi ba da mun sha wuya. Sai dai wacece a cikinmu ta taɓa leƙa cikin jarkar, ko ta tambayi inda aka ɗebo? Muna da turaren wuta kala biyar a ɗaki, sabulu kuwa an kulle shi a kwaba don wanka da wanki, bakin ban-ɗaki babu ko ɓallinsa. Iyayenmu suna ba da labarin 'yan duba-gari da kan shigo har tsakar gida su leƙa randa, mata na rawar jiki. Mu yanzu sai Asabar ɗin ƙarshen wata a share ƙofar gida don idon hukuma. Maƙwabciyarmu Jigawa, wadda yawancinta karkara ce, ita aka fara bayyanawa a 2022 a matsayin jihar da ta daina bahaya a fili a duk Nijeriya. To wa ya kamata ya koya wa wani?

Ku ma iyayenmu maza da ku nake. Ba adalci ba ne a auna wa mace ruwa jarka biyu, ta yi girki da wanka da wanki, sannan in yaro ya kwanta a ce ƙazantarta ce. Kuɗin sabulu da na itacen tafasa ruwa da na gyaran masai yana cikin ciyarwa, kuma ko kusa bai kai kuɗin ledar ƙarin ruwa a asibiti ba.

Abin da na koya dai shi ne, mun ɗauki tsafta kamar kwalliya, abin da mace ke yi wa kanta don a yaba. Alhali hannuna ba ni kaɗai ke ci da shi ba. Da shi nake dama kunun yaye, da shi nake ƙulla ƙosan sadaka, da shi nake tsoma moɗa a randar da baƙo zai sha. Wanke shi haƙƙin wasu ne a wuyana, yawancinsu kuma ba su da bakin da za su nema. Haka ma abin da na sani, in na ɓoye shi don gudun a ce na cika iyayi, na ci amanar wanda zai amfana.

'Yar uwa, yau in an sauke tuwo a gidanku, ki tsaya ki duba wa ke wanke hannu a ƙarshe, da kuma irin ruwan da ya iso gare shi. In akwai maganar da ta kamata ki yi, ki nemo mata lafazi mai daɗi, ki durƙusa in durƙuson ne zai sa a ji, amma ki yi ta. Ni na yi tawa a makare, kuma har gobe in na ga sa'o'in yaron nan suna tafiya makarantar allo sai na tuna.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ta hanyar da za ta karɓu.