Shin Gani Ya Kori Ji Ko A Kan Ciwon Mace?

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kasuwa ko gaban alƙali maganar tana da ƙarfi. To amma idan abin da ake jayayya a kansa ciwo ne, wanda mai shi kaɗai ke jin sa, me za mu jira mu gani kafin mu yarda? Wata cuta ta mata ce ta sa nake wannan tambaya, wadda likitoci ke kira endometiriyosis.

Ga yadda take: wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yakan tsiro a wajenta, a jikin ma'ajiyar ƙwai, ko hanji, ko mafitsara. Duk wata idan al'ada ta zo, shi ma sai ya kumbura ya yi jini, alhali ba shi da hanyar fita. Daga nan sai matsanancin ciwon mara, da zafi lokacin kwanciyar aure, wasu kuma haihuwa ta yi musu wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun mace 1 cikin 10 na waɗanda ke shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190 ke nan. Idan haka ne, babu layin da za ka bi a New Bell, daga babban masallaci zuwa kasuwar Nkololoun, ba ka wuce gidan da ake fama da ita ba. Sai dai mu da wasu sunaye muka san ta: sanyi, ko raki, ko aikin iska, wani lokaci ma a ɗora wa kishiya.

An daɗe hanyar tabbatar da ita ɗaya ce, a sa mace barci a huda cikinta a leƙa da 'yar kyamara. Aiki ne na ƙwararru, mai tsada, kuma a Kamaru sai a manyan asibitoci irin na Douala da Yaoundé. Shi ya sa masana suka duƙufa neman wata alama a cikin jini, yadda ake gano maleriya da ɗigo ɗaya. A 2016 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 141 da aka yi a kan mata fiye da 15,000, aka auna alamomi 122. Ba a sami ko ɗaya da ta isa ta maye gurbin tiyatar ba. Wadda ta fi suna, CA-125, takan hau saboda al'ada kawai, ko juna biyu, ko ƙarin mahaifa, kuma takan zauna daidai a jikin mai cutar. A 2022 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, ta ce kada a dogara da irin waɗannan gwaje-gwaje. Ta ce a saurari bayanin mara lafiya, a yi hoton ciki, kuma ana iya fara magani ko ba a yi tiyata ba.

A nan ne batun ya tashi daga na ɗakin gwaji ya koma na ɗabi'a. Mai kare gwaji zai ce baki na iya kuskure, ciwon mara yana da dalilai da yawa, kuma takarda kan rufe bakin surukar da ke cewa lalaci ne. Gaskiyarsa. Ranar da aka sami gwaji nagari mai araha, mu a rediyo za mu fara shelarsa. Amma mu duba ɗaya gefen. A gidan da ba a yarda da mace sai da takarda, gwaji mai rauni ya fi rashin gwaji haɗari. Miji ya biya kuɗi, sakamako ya fito babu komai, shi ke nan an sami hujjar cewa ƙarya take yi. Da, ana shakkar ta ne kawai. Yanzu an yanke mata hukunci da hatimin asibiti, kuma da wuya a sake kashe ko dala a kanta.

Tarihi ma ya nuna illar jiran gani. Shekaru da dama likitocin Amurka na ɗaukar cutar a matsayin ta Turawa masu hali waɗanda suka jinkirta haihuwa, har aka riƙa koyar da cewa da wuya ta kama baƙar mace. Wadda ba a zaci tana da ita ba, ba a duba ta, wadda ba a duba ba kuma ba ta shiga lissafi, sai lissafin ya dawo ya gaskata zaton farko.

Abin mamaki, muna da ma'auni mafi adalci a hannunmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa mata abin amincewa ne a kan abin da ke cikin mahaifarsu. Idan mace ta ce ta yi tsarki, ko iddarta ta cika a lokacin da hakan zai yiwu, ana karɓar maganarta ba tare da shaidu ba, a ɗaura aure a kanta. Yaya za mu amince da bakinta a kan abin da ya shafi halal da haram, sannan mu ƙi amincewa da shi idan ta ce zafin ya fi ƙarfinta?

Yarda da ita ba ya nufin an san sunan cutar. Wannan aikin likita ne, kuma yana iya ɗaukar lokaci. Abin da ya rataya a wuyan uwa da miji da malamar makaranta bai kai haka wuya ba. Yarinyar da ke rasa aji duk wata, ko take amai tana birgima, ko maganin famasi ya daina yi mata aiki, ta cancanci a kai ta wurin likitan mata, kuma a koma da ita ko da gwajin farko ya ce lafiya lau. Dauriya ado ce, amma ba mu da ikon ɗora wa wani ita a kan ciwon da ba a jikinmu yake ba. Jini bai iya ba da wannan shaida ba tukuna. Kafin ya iya, shaidar da muke da ita ita ce maganar mai ciwon, kuma ta isa a tashi a nema mata magani.