Farauta halal ce, amma tsuntsun daji amana ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya fitar da ciyawa daga cikinta, ya ciyar da mutum da bisa da tsuntsu daga taskarsa wadda ba ta ƙarewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, babu saɓani tsakanin malamai a kan halaccin farauta. Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta ta a cikin Suratul Ma'ida, ya hana ta ga mai harama da hajji ko umra, ya yi umurni da ambaton sunansa a kanta. Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, a cikin Risala, ya raba ta gida biyu: wadda ake yi domin buƙata halal ce, wadda ake yi domin wargi makaruhi ce. Tambayarmu a yau ita ce: idan abu halal ne ga kowa, kowa ya ɗiba har ya ƙare daga doron ƙasa, wa za a tambaya ranar hisabi? Domin amsa ta za mu duba abin da ya auku a Amurka ga wasu kajin daji iri biyu, gama Alƙur'ani ya umurce mu da duba abin da ya samu wasu domin mu wa'aztu.

Ta farko kazar daji ce da ta rayu a gabashin Amurka, kusa da bakin teku. Ta yi yawa har aka mai da ta naman talaka, kowa na halbi babu ƙidaya. Wajen shekarar 1870 ta ƙare ko'ina, sai ƴan kaɗan a wani tsibiri mai suna Martas Binyad, a jihar Masacusets. A 1908 aka keɓe masu wuri, suka hayayyafa har suka kai kimanin 2000. A 1916 gobara ta ci dajin a lokacin da suke kwance bisa ƙwai, cuta da sanyi suka biyo baya. A ƙarshe namiji guda ya rage, shekara bayan shekara yana fitowa dandali yana kira babu mai amsa masa. Ganin ƙarshe da aka yi masa a watan Maris na 1932 ne. Suratul An'am, aya ta 38, ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. To, ga al'umma guda da aka shafe, kuma babu mahalbi ɗaya da zai ce shi ya shafe ta, domin kowane ɗayansu kaɗan ya ɗauka.

Ta biyu tana raye har yanzu a makiyayan yammacin Amurka, cikin jihohi 11, da wani yanki na Kanada. Za mu kira ta kazar tazargade, saboda rayuwarta duka ta rataya ga wani ɗan icce dangin tazargaden da muka sani. Ƙarƙashinsa take yin sheƙa a ƙasa, cikinsa take ɓuya, kuma da sanyi kusan ganyensa kaɗai take ci. Namijin yana kai kilo 3. Kowace shekara, idan sanyi ya wuce, mazan sukan taru da asuba a fili guda, wanda iyayensu suka taru a cikinsa, suna kumbura ƙirji suna buɗe wutsiya, matan su zo su zaɓa. Macen takan yi ƙwai 6 zuwa 9, ta kwanta kusan mako huɗu. Ƴan tsakin kuwa ƙwari da ɗanyen haki suke buƙata, abin da ake samu a fadamu, kuma mafi yawan fadamun nan suna cikin gandayen kiwo na masu shanu. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɗaura abincin tsuntsu da na saniya a wuri ɗaya.

Rahoton hukumar binciken ƙasa ta Amurka na 2021 ya nuna cewa yawanta ya ragu da kashi 80 cikin 100 tun daga 1965. A wannan karo bindiga ba ita ce babbar musiba ba. An nome makiyaya, an gina rijiyoyin man fetur da hanyoyi, wata baƙuwar ciyawa mai saurin bushewa ta yawaita gobara, manyan itatuwa sun mamaye fili sun zama wurin saukar shaho da hankaka, ga kuma shingen waya da take karo da shi idan ta tashi da duhun asuba. Wanda ya ɓata mazaunin tsuntsu ya kashe shi, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba.

A 2010 ma'aikatar noma ta Amurka ta shiga yarjejeniya da masu gandayen kiwo. Zuwa 2015, fiye da masu gandu 1100 sun shiga, a kan fili da ya kai kimanin hekta miliyan 1 da dubu 800. Abin da suka yi duk makiyayi zai gane shi. Suna juya garke daga wannan yanki zuwa wancan domin ciyawa ta huta ta rufe sheƙa. Suna sare itatuwan da suka mamaye makiyaya. Suna rataya fararen alamomi a jikin waya domin tsuntsu ya gani, kuma wani bincike a jihar Aidaho ya nuna hakan ya rage karo da fiye da kashi 80 cikin 100. Wasu sun ɗauki alkawari a rubuce cewa ba za a mai da filinsu gona ko unguwa ba. Sun gane cewa makiyayar da ta ishi kaza ita ce take ƙosar da saniya.

Su ma mahalba an yi masu iyaka. Tun 1937 doka ta sa haraji a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda yake kashi 11 cikin 100, ana kashe kuɗin wajen kula da namun daji. A jihohi irin Wayomin da Montana, cikin watan Satumba ake buɗe farautar wannan kaza, bayan ƴan tsaki sun girma, kuma mutum ba ya wuce biyu a yini. A wurare da yawa mahalbi yakan yanke fiffike guda ya jefa cikin gangar da aka ajiye a bakin hanya, masana su duba su san yara nawa aka samu a shekarar. Inda suka yi ƙaranci ƙwarai an rufe farautar gaba ɗaya. Wannan duka bai mai da kazar yadda take a da ba, gama gyara ya fi ɓarna wuya, amma ita ba ta bi ƴar uwarta ta gabas ba.

Ya ku ƴan uwa, wannan tsari ba baƙo ba ne a gare mu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, ya yi wa mai tsaronta wasiyya da ya sassauta wa mai ƴan raƙuma da mai ƴan tumaki. Wannan shi ne hima, hujjar cewa shugaba yana da ikon rufe wuri ko ƙayyade lokaci domin maslahar jama'a, kuma bin sa a nan biyayya ce cikin alheri. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fiffike a kansu, Annabi ya yi umurni a mayar mata da su. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da hakkinsa ba za a tambaye shi, hakkinsa kuwa shi ne a yanka a ci, kada a kashe a yar.

Mu ma makiyayanmu suna da nasu tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa: zabon daji, da fakara, da tuje. Dattawan Dakoro da Tanut sun san lokacin da jimina take yawo a dajinsu, yau kuwa sai a wuraren renonta irin na Kelle. Gadabeji an keɓe ta tun 1955, kuma akwai dokar farauta ta 1998, amma takarda ba ta tsare daji idan zukata ba su ji tsoron Allah ba.

Saboda haka muna yi wa kanmu da ku wasiyya. Mahalbi ya ɗauki abin da gidansa zai ci, ya bar sauran, kada ya yi halbi da damina lokacin ƙwai da ƙyanƙyasa. Iyaye su hana yara kwashe sheƙar zabo ƙarƙaf, domin mai kwashe ƙwan bana ya cinye naman baɗi. Makiyayi da matafiyi su kashe wutarsu kafin su tashi, gama gobara guda tana cinye abin da mahalba ɗari ba za su iya ba. Manomi kada ya ci burtali da makiyaya. Mai dukiya da yake bin tuje da mota domin nishaɗi ya tuna cewa kuɗinsa ba su sauya hukuncin wargi ba. Hukuma da sarakuna su tsai da doka a kan babba kamar yadda suke tsai da ita a kan ƙarami.

Ya Allah, ka sanya mu cikin masu gyara a bayan ƙasa, ka tsare mu daga almubazzaranci, ka ba mu damina mai albarka, ka ji ƙan bisashenmu da tsuntsayen dajinmu, kada ka kama mu da hakkin abin da ba ya iya kai ƙara. Allah ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.