Karatu Don Cika Gurbi

A shekarar 2015 wani kamfanin labarai na Amurka, PopSugar, ya fito da gasar karatu ta shekara guda. Aka jera sharuɗɗa 50: littafi mai shafi fiye da 500, littafin da mace ta rubuta, littafin da za a gama a yini ɗaya, da sauransu. Kowa ya nemo wanda ya dace, ya karanta, ya sa alama.

To, daidai ne mu bar jerin wani ya zaɓa mana abin karantawa? A ganinmu ba laifi. Mu da ba mu wuce Magana Jari Ce ba, sharaɗin mace zai kai mu wurin Balaraba Ramat Yakubu, mu ji kukan matar da miji ya kora da 'ya'yanta.

Amma fa zuciya da wayo take. Da Disamba ta gabato sai mu shiga auna littattafai da ido, muna neman mafi siranta. Mu ɗauki Ruwan Bagaja domin gajartarsa kaɗai, mu bi ta kansa a guje, mu sa alama. Ba mai dubawa, ba mai tambaya. In yaro ya ce mu ba shi labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, sai mu yi shiru.